Warƙar da Na So In Cusa a Linjilar Hala Tiriza

Talata: daga Jabal Awliya zuwa Kalakla

Ƙarfe huɗu da kwata na asubar Talata na fito daga gidana a Jabal Awliya, da gafaka rataye a kafaɗa. Matata Asha ta rako ni bakin ƙofa. Maimakon ta ce Allah ya kiyaye hanya, sai ta ce, "Faki, takardar nan da ke aljihunka, ka tuna Allah yana ganinta." Na ce na ji. Na yi sallar asuba a masallacin tasha, na sha shayi da zalabiya uku a tsaye, biyar saura minti goma hafla, wato ƙaramar bas, ta cika muka ɗau hanyar Hartum. Jine ɗari biyar na kuɗin Sudan kumsari, wato yaron mota, ya karɓa.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin gafakar, don kada ku zaci Alƙur'ani ne. Sunana Haruna, mutane na ce mini Faki Haruna, wato Malam Haruna. Sana'ata rubuta Alƙur'ani da hannu da gyaran tsofaffin littattafai, gado na yi wajen mahaifina. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga tsohuwa ce Kirista, Baƙibɗiya, wato jinin Kiristocin Masar, muna ce mata Hala Tiriza, kamar ka ce Inna Tiriza. Marigayi mijinta akawu ne a madatsar ruwa. Ita ta yi jinyar uwata wata huɗu, ita ta riƙe Asha ranar haihuwar fari. Tana da Linjila rubutun hannu da Larabci, wadda kakan mijinta ya zo da ita daga Masar. Da ruwa ya ci unguwarmu da damina, littafin ya jiƙe, zaren ɗinkinsa ya ruɓe, sai ta miƙo mini ta ce, "Ya waladi, ɗana, ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

Ni kuwa na yi masa yadda muke yi wa namu. Alƙur'anin rubutun hannu ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake a cikin tadarishi, kuma a ƙasan kowane shafi akwai kalmar da za ta buɗe na gaba, ga hadda a ka. Ko ya tarwatse, kafin la'asar ka haɗa abinka. Da wannan sabon na yanke zaren, na shimfiɗa warƙoƙin a tabarmi tsakar gida, ban sa musu lamba ba. Na shiga ɗaki ke nan iskar hadari ta taso. Wallahi har garken awakin maƙwabta sai da muka shiga tsinta. A nan ne na lura littafin ba shi da kalmar ƙasan shafi, ni kuma ba haddarsa gare ni ba.

Na ari wata Linjila ta ɗab'i da Hala ke da ita, na ce zan duba wasu kalmomi. Mako uku ina jerawa. Lafazin tsohuwar ya ɗan bambanta da na sabuwar, amma magana ɗaya ce, komai ya zauna daram, sai wuri guda. A Linjila ta huɗu, shafi ya ƙare, na gaba ya fara, labari sukutum babu a tsakaninsu: na matar da aka kawo wa Annabi Isa ana so a jefe ta. Tsawonsa daidai warƙa ɗaya. Na ce shi ke nan, akuya ta ci amanar Hala Tiriza.

Abin da na yi bayan nan, da kunya nake rubuta shi. Na ciro farar warƙa daga bayan littafin, na sirka tawada, na kwaikwayi hannun marubucin, kwana uku na rubuta labarin daga ta ɗab'i. Ita ce takardar aljihuna. Ranar Juma'a ɗan Hala zai zo ya tafi da ita Alƙahira aikin ido, ba lallai ta dawo ba, kuma ta ce da littafin a hannunta za ta hau jirgi. Asha ta rantse in na cusa warƙar ban tambayi masu abin ba, wato masana cikin Kiristoci, ita za ta tona ni. Na yarda zan tafi Hartum in tambayo, amma gaskiyar zuciyata, tsohon kwafi nake nema in daidaita lafazin warƙata da shi.

Shida da rabi muka iso Laffa ta Kalakla, inda hanya ta cushe da masu zuwa aiki. Minti arba'in muka yi muna rarrafe. Direban, wani mai furfura da ke tauna asuwaki, ya dube ni ta madubi ya ce, "Ya Faki, tun Jabal kake rungume da jakar nan, zinariya ce?"

Na ce, "Da zinariya ce da na yi barci."

Hartum

A Shajara sojoji suka tsayar da mu, aka ce kowa ya buɗe kaya. Wanda ya zo kaina ya ga gicciye a fatar bango, ya dubi rawanina, ya sake duban bangon.

"Faki da Linjila?"

"Amana ce, gyara aka ba ni."

Ya mayar mini da hannu biyu ya ce, "To riƙe da kyau." Ya wuce, ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji har muka sauka.

Takwas da kwata muna tashar Jakson. Kilomita arba'in da 'yan kai, awa uku da wani abu. Na ci ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da burodi biyu kusa da Suk al-Arabi, na taka zuwa wani ƙaramin shagon littattafan Kirista da aka kwatanta mini. Matar da ke wurin ta saurare ni da kyau, amma na gaya mata rabin zancen ne kawai, cewa ina neman tsohon kwafin hannu. Ta ce su na ɗab'i suke sayarwa. Ta ce in haye Umdurman, unguwar Masalma, in tambayi Ammu Jirjis, wato Baffa Jirjis, tsohon malamin makaranta da ya ƙare rayuwarsa a kan irin waɗannan takardu. Ta buga masa waya a gabana. Ya ce yana asibiti ganin likita, in zo gobe da hantsi.

Na fito raina a ɓace. Kwana ɗaya ya tafi, saura biyu, littafi kuma ko ɗinki ban fara ba.

Umdurman, yammacin Talata

Na hau hafla ta kan gadar Farin Nilu. Ruwan ya cika har yana lasar gonakin bakin gaɓa, ga masunta biyu suna jan koma. Daga tashar Shuhada na ɗauki raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa gidan Adamu, ƙanin Asha, wanda ke gasa agashe a bakin kasuwa. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar ɗaurin aurena da yayarsa, bakinsa kuma ba linzami.

Bayan la'asar muna zaune yana barbaɗa wa nama yaji, na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya Faki, kai da kanka? To me ye abin damuwa? Ba kullum ake cewa littafin nan an riga an canza shi ba? Rigar da ta sha faci, in ka ƙara guda wa zai ƙirga? Saka abinka, ka ɗinke, tsohuwa ko gani ba ta yi."

Na ce, "Ka taɓa ganin inda aka canza?"

"Ni ina na gani? Ji nake yi."

"Ni ma ji nake yi. Amma mako uku na yi ina bin tsohuwar da sabuwar layi-layi, ban ga inda suka raba hanya ba."

Ya miƙo mini tsinke biyu ya ce, "Ci nama, malam. Yunwa ce ke sa ka wa'azi."

Na ci, agashen ya yi daɗi, amma maganarsa ta tsaya mini a rai. Shekara nawa ina faɗin wannan zance a majalisa ban taɓa buɗe littafin ba, yau ga shi ni ne mutum na farko da na sani da zai ƙara masa abu da hannunsa. Bayan isha'i matar Adamu ta shimfiɗa mini angarib, gadon igiya, a tsakar gida, na sa gafaka ƙarƙashin kai na kwanta.

Laraba: Masalma

Tara daidai na buga ƙofar Ammu Jirjis, wani tsohon gida na jan bulo da bishiyar lemun tsami a tsakiya. Gajere ne, ya haura tamanin, tabarau biyu rataye a wuyansa. Da Larabci muka yi zancen, ni na mayar muku da shi Hausa. Ya sa aka kawo jabana, wato gahawa, bai bar ni na yi magana ba sai da na sha kofi biyu. Sannan ya wanke hannu, ya goge tas, ya ce in buɗe.

Na gaya masa iska, na gaya masa awaki, na nuna masa wurin. Zancen aljihu ne kawai na riƙe. Ya sa tabarau na biyu a kan na farko, ya ɗora yatsa a kusurwar sama ta warƙar dama, inda akwai wasu 'yan ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe.

"Ya Faki, wannan mene ne?"

"Ado ne. Kowace warƙa da irin nata."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ado? Lambobi ne, irin na Ƙibɗawa. Wannan ɗari da arba'in da uku." Ya matsa yatsa zuwa ta gaba. "Wannan ɗari da arba'in da huɗu. Ina warƙar da ta ɓata?"

Jama'a, ku ji fa! Mako uku ina shan wahalar jeri, ashe littafin da lambarsa a goshi. Na ce ya sake dubawa. Ya bi warƙoƙin tun daga farko yana ƙirgawa a bayyane, ya tarar na juya biyu baibai a tsakiya, ya gyara, har ya kai ta ƙarshe. Ko ɗaya ba ta ɓata ba. Hawaye suka zubo mini a gaban baƙo, ban iya tsayar da su ba.

Da na natsu na ce, "To ina labarin matar?"

Ya ce, "Marubucinku bai same shi a littafin da ya kwafa ba, shi ya sa bai rubuta ba. Kwafofin da suka fi tsufa, na Yunananci da na Ƙibɗanci, ba su da shi a nan. Na baya suna da shi, wasu a ciki, wasu a gefe da alama." Ya tashi ya ɗauko wani kwafin hannu nasa, ya buɗe wurin. Ga labarin a gefen shafi da ƙaramin rubutu, marubucin ya ƙara da cewa bai gan shi a na Ƙibɗanci ba.

Ni ba na iya ɓoye abin da ke raina. Na ce, "Ammu, ka yi haƙuri, ba wannan ne abin da mutanenmu ke faɗa ba? Wani yana da shi, wani babu."

Bai ji haushi ba, sai ma ya gyara zama kamar wanda aka taɓo masa inda yake ƙaiƙayi.

"In ka gama rubuta Alƙur'ani, kai kaɗai kake duba shi?"

"A'a. Alarammomi ake tarawa a bi shi harafi-harafi. Ido ɗaya ba ya ganin kuskurensa."

"To mu ma shaidu muke tarawa, sai dai namu takardu ne. Dubbai ne. Akwai na Yunananci, na Suryananci, na Latin, na Habasha, namu na Masar, har da guntaye da harshen Nuba da aka tono a yashin arewa. Mutanen da suka rubuta su ba su san juna ba, wasu ma ba sa ga maciji da juna. Wane sarki ne zai bi su gida-gida ya gyara duka? Da kwafi ɗaya ne a hannun mutum ɗaya, ko an taɓa shi ba mai sani. Yawansu ne ya sa zan iya ɗora maka yatsa in ce nan an saɓa. Manyan wuraren biyu ne, wannan da ƙarshen Linjila ta biyu. Sauran yawanci harafi ne, ko kalma ta riga kalma, ko layin da idon marubuci ya tsallake. Ba a ɓoye suke ba, a ƙasan shafin bugu da yawa an rubuta su."

Na ce, "Kenan takarda ta tabbatar abin da ke ciki gaskiya ne?"

Ya girgiza kai. "Takarda iyakarta ta shaida cewa abin da na farko suka rubuta ya iso. Yarda da shi kuma tsakanin mutum ne da Ubangijinsa. Ni na yarda. Kai kana da naka, ban kira ka nan don in karɓe maka ba." Ya shafa gefen warƙar. "Amma ka dubi wannan bawan Allah. Ya san labarin, kowa ya san shi, yana da daɗi, ba wanda zai zarge shi in ya sa. Bai gani a gabansa ba, bai ƙara ba. Ga wanda aka ba amana."

Nan na ji kamar da ni yake. Na sa hannu a aljihu na ciro warƙata na ajiye a gabansa, na faɗi abin da na yi niyya ba tare da na ɗaga kai ba.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ɗaga ta ga haske, ya shinshina tawadar. "Ya salam, hannu ke nan! Da ni ɗan shekara talatin ne da ka wuce da ni." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya nuna kusurwar sama. "Har adon ka kwafa, ya Faki. Ɗari da arba'in da uku. Da littafin ya tafi Alƙahira da ɗari da arba'in da uku guda biyu!"

Muka yi ta dariya har matarsa ta leƙo ta taga. Ni dariyar tawa rabi kunya ce.

Na tambaye shi yadda zan yi da ita. Ya ce wannan ba shi zai faɗa ba, mai littafi za a tambaya. Ya nuna mini yadda ake ɗinkin nasu, sarƙa-sarƙa da allura biyu, ya ba ni zaren lilin daga akwatinsa, ya hana ni tafiya sai da muka ci kisra da miyar kuɓewa. Azahar ta yi, ya sa aka shimfiɗa mini darduma ƙarƙashin lemun, ya nuna mini alƙibla da sandarsa.

Komawa gida

Biyu da rabi na bar Masalma. Na biya wajen Adamu na ba shi labari a tsaye. Ya ce, "To, yanzu sai ka koyo lissafin Ƙibɗawa ka zo ka riƙa ƙirga mini tsinke." Ya ƙunsa agashe ya ce in kai wa yayarsa. Uku da kwata na tashi daga Shuhada, na sake mota a Jakson, cunkoson Kalakla ya ci mana awa guda cur. Ana kiran magariba muka shiga Jabal Awliya, ƙanshin soyayyen kifi na tashi daga bakin madatsa.

Na yi salla, ban ko cire rawani ba na shiga gidan Hala Tiriza, Asha na bina. Tana zaune a kujerarta ta igiya. Na durƙusa na ce, "Hala, littafinki cikakke ne, amma ina da laifi wajenki." Na faɗa mata komai, tun daga yanke zare har warƙar ƙarya.

Ta juyo da fuskarta wajena. Can ta ce, "Labarin matar da za a jefa?"

"Shi, Hala."

"Ya waladi, ai tun ina amarya na san babu shi a ciki. Duk lokacin da marigayi ya kai wurin, sai ya ajiye wannan ya ɗauko ta ɗab'i ya karanta mini, don ya san ina son labarin. Me ya hana ka leƙo ta katanga ka tambaye ni?"

Asha ta tafa hannu ta ce, "Na gaya masa!" Ba ta gaya mini hakan ba, amma ba ranar musu ba ce.

Sai a lokacin na ga ramin da na tsallake. Da na cusa, ranar da ɗanta zai karanta mata a Alƙahira ya kai wurin ya ci gaba da labarin, a ranar za ta san wanda ta yarda da hannunsa ya yi mata ƙarya, kuma tana nesa, ba halin in nemi gafara.

Ta miƙo hannu. "Ba ni ita." Na ba ta. Ta shafa ta da yatsu, ta kai ta dab da idonta na hagu mai ɗan gani. "Kwana uku ka ce?"

"Uku, Hala."

"To ba za a yar ba. Kankare lambar nan ta sata. Ka sa ta a can baya, ka rubuta a ƙasa wanda ya rubuta ta da dalilinsa, kada jikokina su ruɗe. Sunanka sosai za ka sa, da na babanka."

Ranar Alhamis tun safe na zauna ɗinki, la'asar na gama. A ƙasan warƙar na rubuta da hannuna na gaskiya, ba na kwaikwayo ba: wannan ba ta cikin asalin littafin, Haruna ɗan Faki Musa, Musulmi, maƙwabcin gidan nan, shi ya rubuta ta don ya zaci ta ɓata. Shekara talatin ina rubutu, ban taɓa jin alƙalami ya yi mini nauyi kamar a wannan layin ba. Ranar Juma'a da hantsi motar ɗanta ta tsaya a ƙofa. Ta fito da littafin a ƙirji, ta ƙi ba kowa ya riƙe mata, ta tsaya a gabana ta ce, "In idon ya buɗe, rubutunka zan fara karantawa."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma rufa mini asiri a inda na so in tona wa kaina. Na gode wa Ammu Jirjis da mai ɗakinsa, da matar shagon nan ta Hartum da ban ko tambayi sunanta ba, da Adamu duk da bakinsa. Asha kuwa ta ce godiyar baki ba ta isa ba, sai na rubuta a nan kowa ya gani cewa ita ce ta hana ni. To ga shi na rubuta. Hala Tiriza, Allah ya buɗe idon.